Datsun 240Z tawa tana murɗewa: ɗinkin walda zan yi mata ko keji?

Baban Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman wajen masu walda da injiniyoyin gidan nan. Wata uku ke nan da na sayi Datsun 240Z ƙirar 1972 daga wani dattijo a jihar Fensilbaniya ta Amurka, na jawo ta nan Merilan inda nake zaune. Injin lafiya lau, silinda shida a jere, lita 2.4, kafireto biyu. Matsalar a bodi take. Jiya na sa jak a gefen gaba na dama don in cire taya, da na zo buɗe ƙofar direba sai ta cije, sai da na sa kafaɗa. Na sauke jak, ƙofa ta buɗe salin alin. In kuma na hau gangaren ƙofar gida a karkace, ina jin ƙofar but tana ƙiƙi-ƙiƙi a bayana. Kun san irin motocin nan ba su da shasi daban, bodin ne shasin. Abokai a nan wasu sun ce in bi duk mahaɗar ƙarfe da walda, wasu sun ce in sa keji, wato bututun ƙarfe da ake ƙerawa a cikin mota, irin na tsere. Ba tsere zan yi ba, yawon ƙarshen mako ne, sai ɗan zuwa filin gwaji sau ɗaya ko biyu a shekara. Wanne ya fi?

Kawu Mai Walda: Wa alaikumus salam. Yaro, kafin a kai ga wanne ya fi, ka shiga ƙarƙashinta da sukuddireba? Ban ce da ido ba. Ka soki dokin ƙofa daga gaba har baya, ka soki daɓen da ke ƙarƙashin ƙafar direba, ka cire batir ka soki mazauninsa. Ka zo ka gaya mana abin da ka gani. Shekara talatin da wani abu ina wannan aiki a Kaduna, ban taɓa ganin motar da ƙofarta ke cijewa a kan jak ba tare da wani wuri ya ruɓe ba.

Baban Ilham: Kawu, mai motar ya ce an yi mata aikin bodi shekara shida da suka wuce. Daga ƙasa baƙi ƙirin take da kwaltar kariya, sumul.

Kawu Mai Walda: Sumul ɗin ne ya fi ba ni tsoro. Je ka soka.

Ɗan Kumasi: Kawu ya faɗi gaskiya. Ka ɗauki maganaɗisu ma ka bi gefen ƙasa da shi, inda ya ƙi kamawa fila ce, wato ƙullin da ake cike ramin bodi da shi. A Suwame Magajin, unguwar makanikai ta Kumasi, mun saba da motocin da ke zuwa daga ƙasashen ƙanƙara, gishirin da suke watsawa a titi yana cin su daga ciki, waje kuwa fenti na ƙyalli. Fensilbaniya na cikin wuraren da ke watsa gishirin nan.

Sarkin Gudu: Ni dai a ganina ana wahalar da kai ne. Oga, ka sayi sandar da ke haɗa kawunan shokozoba biyu na gaba, noti shida ne, minti ashirin ka ɗaura. Ka sa wata a baya. Sannan ka sa sifirin masu tauri. Na yi wa motata haka, kwana take sha kamar a kan layin dogo.

Anti Injiniya: Sarkin Gudu, ƙanena, abu biyu ka haɗa waɗanda ba ɗaya ba ne. Taurin sifirin daban, taurin bodi daban. In bodi na da laushi ka ƙara wa sifirin tauri, aikin da sifirin ya ƙi yi bodin ne zai yi shi. Ya zama sifiri na biyar ke nan, wanda ba shi da shokozoba, kuma ba wanda ya auna shi. A motar da ta haura shekara hamsin wannan hanyar tsagewa ce.

Baban Ilham, bari in ɗan yi bayani, don in ka gane wannan sauran duk kai za ka yanke wa kanka. Ɗauki gwangwanin madara wanda ba a fasa ba ka murɗa shi da hannu biyu, ba zai motsa ba. Ka cire kai da gindi, ka tsaga shi a tsaye da almakashi, ka sake murɗawa, yaro ma zai lanƙwasa shi. Ƙarfen bai canza ba, kaurinsa bai ragu ba, abin da ya canza shi ne da a rufe yake, yanzu a buɗe. Mota mai bodi da shasi a haɗe tarin irin waɗannan gwangwanaye ce: dokin ƙofa biyu, ƙafafun shasi, ramin da sandar giya ke bi ta tsakiya, ginshiƙan rufi. Falangen ƙarfen jikinta bai kai milimita 1 ba a wurare da yawa. Ƙarfinta duka daga rufuwar akwatunan nan yake. Tsatsa ta huda ƙasan dokin ƙofa tsawon taƙi ɗaya, kamar ka tsaga gwangwanin ne. Shi ya sa tambayar Kawu ita ce ta farko.

Ita 240Z kuma tana da nata raunin tun daga masana'anta. An yi ta da sauƙin nauyi, kilo dubu da 'yan kai. Bayanta wawakeken rami ne na ƙofar but, babu bango tsakanin kujeru da wurin kaya. Gilashin gabanta a cikin roba yake zaune, ba manna shi aka yi da gam ba kamar motocin yanzu, don haka ba ya taya bodi riƙe komai.

Alhaji Na Tasha: Hajiya, Allah ya ƙara basira, amma ina da ja. Na yi shekara goma sha ɗaya ina jan Fijo 504 tsakanin Kano da Maiduguri. Ita ma ai bodi da shasi a haɗe ne. Abin da ya sa ta daɗe a hanyoyinmu shi ne tana lanƙwasa tana komawa. Icen da ba ya rusunawa iska ke karya shi. In kuka ɗaure wannan Datsun ta zama kamar dutse, ramin farko da ta faɗa wani wuri zai ɓalle.

Anti Injiniya: Ranka ya daɗe Alhaji, laushin da ka ji a 504 gaskiya ne, amma a ƙafafunta yake. Sifirinta masu laushi ne, tafiyar shokozobarta doguwa ce, taya na da wurin hawa da sauka sosai kafin bugun ya iso bodi. Bodin kansa ƙaƙƙarfa ne, shi ya sa ƙafafun ke samun abin dogara su yi aikinsu. Da bodin ne ke lanƙwasa da gilashin gaba bai yi maka shekara ba. Inda na yarda da kai shi ne rabin maganarka ta ƙarshe: in aka ƙarfafa wuri ɗaya fiye da kima aka bar maƙwabcinsa, a kan iyakar su biyun ake samun tsaga.

Kawu Mai Walda: Wannan na gani da idona, kuma da hannuna na yi shi. Ina saurayi wani direba ya kawo mini 504 doguwa, ta haya, ƙafar shasin gaba ta fara tsagewa kusa da inda injin ke zaune. Na yanko ƙarfen kwana mai kauri irin na ƙofar shago, na ɗora na zuba masa walda gaba da baya, na ce ko jikokinsa ba za su sake taɓa wurin ba. Bayan wata biyu ya dawo. Ƙarfena na nan daram, amma daidai inda ya ƙare, falangen motar ya yage kamar an ja zare a bakin zane, tsaf a layi ɗaya. Maigidana ya kama hannuna ya ɗora yatsana a kan tsagar, ya ce ƙarfe mai kauri ba ya zama da siriri sai an yi musu sulhu. Daga ranar in zan yi faci kaurinsa kusa da na jikin motar nake nema, kuma bakinsa a fiƙe nake yanka shi kamar bakin kifi, ba a miƙe ba.

Ɗan Kumasi: Alhaji, wani abin da zai ba ka sha'awa. Ita wannan Datsun ɗin ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1971, ta sake ci a 1973 da Shekhar Mehta a sitiyari. 504 ta ci a 1975, shekarar da aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna. Duk biyun sun sha hanyoyin Kenya. Kuma motocin irin wannan gasa ƙarfafa bodinsu ake yi a sa musu keji kafin su fita, ba sassauta su ake yi ba.

Alhaji Na Tasha: To na ji. Amma su suna da kamfani a bayansu, in ta fashe a ba su wata. Shi Baban Ilham guda ɗaya gare shi.

Baban Ilham: Jama'a na dawo. Kawu, Allah ya saka da alheri. Na shiga da sukuddireba kamar yadda ka ce. Dokin ƙofar dama lafiya, ƙarfe ke amsawa. Na hagu, daidai gaban tayar baya, na danna sau ɗaya kawai sai sukuddireba ta shige har mariƙi, garin tsatsa ya zubo mini a fuska kamar garin shayi. Na kankare kwaltar da wuƙa, sai ga ragar waya an cusa an shafe da fila an fesa baƙi a kai. Ƙarƙashin batir ma ya huje, ruwan batir ya ci har saman ƙafar shasi. Ƙafafun shasin da ke ƙarƙashin daɓe kuma duk sun lotsa, da gani an daɗe ana sa musu jak a inda bai kamata ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ban ce dattijon ya sani ba, ina jin shi ma garejin da ya kai wa ne suka cuce shi.

Na kuma lura da wani abu. Ƙafafun shasin nan da suka taso daga gaba ba su kai baya ba, wajen ƙarƙashin kujera suka tsaya. Daga nan zuwa inda ƙafafun baya ke ɗaure daɓe ne kawai. Haka aka yi ta, ko yankewa aka yi?

Anti Injiniya: Sannu, Allah ya mayar da alheri. Gara da ka gani a gareji da a ce a kan titi ta nuna maka. Haka aka yi ta, ba yanka ba ne. Shi ya sa masu gyaran irin motar nan da yawa in za su canza ƙafafun suke sa dogaye waɗanda suka isa har baya, su haɗe gaba da baya. Masu tsohuwar motar Ford Mustang ma haka suke yi, don ita ma shasin gabanta da na bayanta ba su haɗu ba. Tunda dole ka yanke ruɓaɓɓun, wannan ƙarin kusan kyauta ne gare ka. Amma kada ka ɗora masa buri fiye da ƙarfinsa. Yana taimakawa sosai wajen hana mota lanƙwasa a tsakiya kamar gadon da ya kwanta. Wajen murɗewa kuwa taimakonsa kaɗan ne, don duk a ƙasa yake, shimfiɗe. Dokin ƙofa lafiyayye ya fi shi aiki a nan.

Mai Tsohon Ƙarfe: Ku yi haƙuri in shigo da wata fuska. Baban Ilham, don Allah ka yi tunani kafin ka kunna injin walda. Motar nan an daina yin ta tun 1973. A 2020 an sayar da wata ƙirar 1971 wadda ba a taɓa ba a gwanjon intanet kan dala 310,000. Ban ce taka za ta kai haka ba, amma duk ɗigon waldar da ba na masana'anta ba yana rage mata daraja wajen masu tara irinsu. Gyaran tsatsa wajibi ne, a mayar da ita yadda take. Amma bin kowace mahaɗa da ɗinki, ka buɗe bonet ka ga tabo a jere kamar tsagar gado, wannan ba ya gogewa. Abin da za a ɗaura da noti a cire gobe, shi na fi so.

Sarkin Gudu: Mota ta hawa ce Malam, ba ta ajiyewa a falo ba.

Mai Tsohon Ƙarfe: Ban hana shi hawa ba. Cewa na yi kada ya yi abin da ba shi da magani saboda kwana biyu a shekara.

Kawu Mai Walda: Ku biyun kowa na da gaskiyarsa, amma bari in faɗi yadda ɗinkin yake don a san abin da ake gardama a kai. Masana'anta ɗigo-ɗigo take haɗa falange, tsakanin ɗigo da ɗigo ƙarfen a kwance kawai yake kan ɗan'uwansa. Shekaru na tafiya wasu ɗigon na saki. Ɗinki shi ne ka bi bakin mahaɗar ka yi walda kamar inci ɗaya, ka tsallake inci biyu, ka sake. Ba a ja layi ɗaya dogo. Dalili biyu: zafi zai karkatar da bodin, kuma in tsaga ta fara a dogon layi ba abin da zai tsayar da ita.

Wahalar ba a waldar take ba, a shara take. Sai ka ƙwaƙule duk gam da kwalta da fentin da ke cikin mahaɗar, in ba haka ba waldar za ta riƙa tofi tana kumfa. Aikin sati ne kafin ka ɗiga ko ɗaya. Kuma kada ka kusance ta da waldar sanda irin ta ƙofa da taga, huda za ta yi. Ta gas mai kabaid da muka tashi da ita tana yi a hannun gwani, amma tana dafa wuri mai faɗi. Tunda kana inda injin waya yake da araha, ka nemi MIG da siririyar waya, milimita 0.6. Ka yi ɗinki biyu a dama, ka zagaya hagu ka yi biyu, ka koma baya, ka bar wurin ya huce har ka iya ɗora tafin hannu. Tankin mai a cire shi gaba ɗaya a fitar da shi waje. Bututun mai da na birki a kwance su. Wani ya tsaya a cikin motar da abin kashe gobara, don kwaltar da ke bayan falange tana kamawa ba ka gani.

Anti Injiniya: Kawu, ka bar mafi muhimmanci, na san mantawa ka yi don a jininka yake. A wane hali motar take zaune lokacin da ake waldar? Baban Ilham, duk yadda bodin yake a ranar, haka za ka daskarar da shi har abada. In a murɗe yake kan jak uku, ka ɗinke murɗar. A daidaita ta a kan matokarai a wuri mai lebur, a auna daga kusurwa zuwa kusurwa a gicciye da tef, dama da hagu su zo ɗaya. Kafin a yanke dokin ƙofa a gitta ƙarfe na wucin gadi a bakin ƙofar, a yi gefe ɗaya a gama kafin a taɓa ɗayan. Ƙofofin kuma a riƙa mayar da su ana duba ratarsu. Bayan an gama, duk inda wuta ta taɓa ta ƙone kariyar da ke bayan falangen, sai an fesa kakin hana tsatsa cikin kowane akwati, in ba haka ba nan da 'yan shekaru daga bakin ɗinkin tsatsar za ta faro.

Kawu Mai Walda: Haka ne 'yata. Na bar shi a baya.

Ɗan Kumasi: Na ga wasu suna ɗura kumfar gini cikin dokin ƙofa wai tana ƙara ƙarfi.

Anti Injiniya: A'a, don Allah. Akwai kumfa ta musamman da masana'antu ke amfani da ita, amma ta gini ruwa take riƙewa a jikin ƙarfe, kuma ranar da za a yi walda a wurin hayaƙinta guba ne.

Baban Ilham: To maganar keji fa, Anti? Har yanzu ba wanda ya taɓa ta.

Anti Injiniya: In murɗewa kawai ake son kashewa, babu abin da ya kai keji mai kyau, don shi ne ke haɗa ƙasa da sama da alwatika. Ka dubi kafinta in yana rufin kwano, katako huɗu a murabba'i za ka ture su da hannu, ya gitta ɗaya a karkace sai su tsaya. Amma ban ba ka shawarar cikakken keji a motar titi ba. An yi shi ne don mai hular kwano wanda bel mai madauri da yawa ya ɗaure a kujera. Cikin 240Z ƙunci ne da shi, bututun zai bi dab da gefen kanka. Ƙaramin karo a mahaɗar titi, kai ba hula, ƙarfen da aka sa don ceto shi zai yi ɓarnar. Abin da ya dace da kai rabin keji ne a bayan kujeru: baka ɗaya, sanda a karkace cikinta, ƙafa biyu su tafi kan gidajen shokozobar baya. Daidai wurin da motar ta fi rauni ke nan, wajen ramin but. Ƙafafunsa kuma kada a dasa su kan falange tsirara. Dokar FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, faranti mai kaurin milimita 3 take nema a ƙarƙashin kowace ƙafar baka, faɗinsa santimita murabba'i 120, don kada bututun ya huda daɓe ya wuce.

Sandar Sarkin Gudu ta gaba ma ba banza ba ce, rabin aiki take yi. Miƙaƙƙiya tana hana kawunan shokozoba matsowa ko buɗewa, amma ba ta hana su karkata tare. In aka ƙara mata hannu biyu zuwa bangon da ke tsakanin injin da direba, ta zama alwatika. Shelby GT350 ta 1965, wata Mustang ce, da duka biyun ta fito, miƙaƙƙiyar da mai zuwa bango. Sai dai bangon Datsun siriri ne, sai an yi masa faranti a inda hannun zai zauna.

Sarkin Gudu: Na karɓa Anti. Amma tawa ko da miƙaƙƙiyar na ji bambanci.

Alhaji Na Tasha: Ni har yanzu tsorona wurin da Kawu ya faɗa ne, iyakar sabo da tsoho. Ku sa ido a nan.

Baban Ilham: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga abin da na tsayar. Dokin ƙofar hagu da mazaunin batir za a yanke a sa sabo daidai kaurin na asali. Ƙafafun shasi zan sa dogaye har baya. Ɗinki zan yi shi ne a inda ido ba ya gani kawai, ƙarƙashi da wajen da sandunan ƙafar gaba ke ɗaure da shasi, cikin gidan injin kuwa zan bar shi yadda yake saboda maganar Mai Tsohon Ƙarfe. Rabin keji sai na gama wannan na sake ɗaga ta a jak na ga abin da ƙofa za ta ce. Na auna ratar ƙofar direba a sama da ƙasa, tana ƙasa da kuma tana kan jak, na rubuta a bangon gareji don in kwatanta daga baya.

Mai Tsohon Ƙarfe: Ka ɗauki hoton komai kafin ka yanka, kuma guntayen da ka cire kada ka zubar, ka ajiye su a kwali.

Kawu Mai Walda: Kafin ka taɓa motar, nemi yankakken falange mai kaurin nata ka yi kwana uku kana gwaji a kai. Ka turo mini hoton bayan waldar, ba gabanta ba, a nan zan ga ko ta ci.

Baban Ilham: In sha Allahu Kawu. Ranar Asabar zan sauke tankin mai, zan turo.